Yadda Ake Haɗa Ruwan Jan Inabi Daga Garkar Gida, Da Yadda Ake Ɗanɗana Shi

Duk mai 'yan kurangun inabi a lambu ya san makon da 'ya'ya suke nuna a lokaci guda. Dillalai su zo su zaɓi manya masu ɗaukar ido su wuce, a bar ka da ƙanana, da waɗanda suka zube daga nono, da waɗanda tsuntsu ya taɓa gefensu. Inabi kuwa ba gero ba ne, ba ya jiran rumbu. Yanzu da noman inabi ya kafu a ƙasar Zazzau, musamman wajajen Kudan da Hunƙuyi, ya kamata kowane gida mai garka ya iya mayar da rarar amfaninsa ruwan sha mai daraja wanda zai yi watanni a kwalba.

Tun farko in faɗi abin da nake nufi. Maganar ruwan inabi nake yi, wanda bai tsimu ba, ba giya ba. Rabin aikin ma duk na hana shi tsimuwa ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi daɗin yi kuma aka fi sakaci da shi, shi ne haɗi, wato gauraya ruwan inabi iri daban-daban.

Shekarar farko da muka gwada a gidanmu, duk abin da ya ragu muka zuba a tukunya ɗaya muka matse. Inna ta kurɓa sau biyu, ta ajiye kofin ta ce, "Ɗan nan, zaƙi kam akwai, amma ina inabin yake?" Gaskiya ta faɗa. Babu launi, babu ƙanshi, zaƙin na wucewa bakinka ya koma kamar ba ka sha komai ba. Daga ranar na gane cewa da wuya iri ɗaya ya tara komai. Wani yana da zaƙi ba launi, wani yana da launi amma baurinsa ya yi yawa, wani ƙanshi kawai Allah ya ba shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Cikin waɗanda suka daɗe suna wannan lissafi akwai masu garkunan Bordo a Faransa. Su giya suke yi, amma dabararsu ta haɗi ba ruwanta da maye. Suna shuka Merlot mai nuna da wuri, mai laushi a baki, su shuka Cabernet Sauvignon mai nuna a makare, mai kaurin ɓawo da bauri, su ƙara da Cabernet Franc da ɗan Petit Verdot. Kowanne a mazubinsa daban ake sarrafa shi, sai daga baya a zauna a ɗanɗana a yanke kason da za a ɗauka daga kowanne. Idan shekara ta ɓata wa wannan, wancan ya rufa asiri. Masu ruwan inabi zalla ma haka suke yi. A kwarin kogin San Faransisko da ke arewa maso gabashin Birazil, wajajen garin Petrolina, ƙasa ce mai zafi da ƙarancin ruwan sama, da ban ruwa ake noman inabi kamar yadda muke yi. Irin da suka fi matsewa, Isabel, yana da ƙanshi amma launinsa bai kai ba, saboda haka suke tsarma masa wasu irin masu duhu kamar BRS Violeta da BRS Cora, waɗanda cibiyar binciken gona ta ƙasar, Embrapa, ta samar.

Mataki na farko: san inabinka, ka tsinka a kan kari

Kafin ka taɓa almakashi, zagaya garkar da safe ka ɗanɗana kowane iri, ka raba su a ranka gida uku. Akwai uwar haɗi, wato irin da ka fi samu da yawa, wanda zai ɗauki kaso mafi tsoka. Akwai mai launi da tsami, galibi ƙanana baƙaƙe masu kaurin ɓawo, dangin Bangalore Blue. Sai mai ƙanshi, irin su Muscat Hamburg, wanda matsayinsa a haɗi kamar daddawa ne a miya: kaɗan ya isa, in ya yi yawa ya danne kowa. Manyan jajayen nan na kasuwa irin Red Globe suna ba da ruwa sosai, amma ruwansu fari-fari ne kuma tsaminsu kaɗan, don haka ba sa tsayuwa su kaɗai.

Inabi ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi. Mangwaro da ayaba kana iya rufe su a kwali su ƙarasa, inabi kuwa zaƙin da ya baro kuranga da shi ke nan har abada. Launi ma yana yaudara, don ɓawo kan yi duhu makonni kafin zaƙi ya cika. Ka ciri ƙwaya daga ƙasan nono da kuma ɓangaren da ke inuwa, ka fasa. Idan ƙwallon ciki ya koma ruwan ƙasa, yana rabuwa da tsoka cikin sauƙi, an kusa. Idan har yanzu kore ne, a ƙara haƙuri.

Wanda zai riƙa wannan aiki duk shekara, ina ba shi shawara ya sayi ma'aunin zaƙi, ɗan bututun nan mai gilashi da ake ɗiga wa ruwa a duba a hasken rana. Da Biriks yake ƙidaya, kuma Biriks 1 kusan giram 1 ne na sukari a cikin giram 100 na ruwa. Don ruwan sha, tsakanin 16 da 20 ya yi daidai. Abin da ya haura haka yakan gundure mai sha tun bai ƙarasa kofi ba.

Ga wani abu da ya shafe mu mu mazauna ƙasar zafi. Zafi yana cinye tsamin inabi da sauri, kuma dare mai zafi yana hana ɓawo yin duhu sosai. Shi ya sa wanda ya nuna cikin sanyin hunturu ya fi launi. Dabarar da nake yi ita ce in tsinki wani kaso na iri ɗaya mako guda kafin sauran, yana da sauran tsami, in matse shi daban in ajiye. Ranar haɗi za ka ga amfaninsa.

A tsinka da sassafe kafin rana ta dumama 'ya'yan. A yi amfani da kwando ko kiret marar zurfi don kada na ƙasa su fashe. Idan ka yi feshi, duba jikin robar maganin ka ga kwanakin da aka ce a jira kafin girbi, ka cika su cif. Kowane iri da kwandonsa, kada a gauraya.

Kayan aiki

Tukunyar sitil wadda ba ta tsatsa, ko samira mai fenti wadda ba ta ɓantare ba. Kada a kusanci tukunyar alminiyam ko ta baƙin ƙarfe, domin tsamin inabi yana cin su, ruwan ya dushe ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Sai baho mai tsabta, ludayin sitil, farin ƙyallen tata irin na koko amma sabo, ma'aunin zafi na girki, sirinji babba sabo ko kofin awo mai lambobi, ƙananan kofunan gilashi iri ɗaya, kwalaben gilashi da sababbin murafe, da littafi da biro. Wajen lissafin kwalabe, ka ƙaddara kilo 10 na inabi zai ba ka lita 6 ko kusa da haka.

Mataki na biyu: wanki, tsinta, murjewa

A wanke a baho da ruwa mai kyau sau biyu, a bari ya tsane. Sai a zauna a tsince: ruɓaɓɓe, mai furfura, wanda ya fashe har ƙananan ƙudaje sun fara bi, duk a zubar. Sunsuna duk wanda kake shakka. Ƙwaya goma masu warin tsami suna iya ɓata tukunya guda.

A cire duk tsinken da 'ya'yan ke maƙale a jiki. Aiki ne mai cin lokaci, a nan ake tara yara da hira, amma tsinken nan kore ɗaci da bauri ne zalla. Daga nan a murje da hannu mai tsabta, ko da muciya a hankali, iyakar dai kowace ƙwaya ta fashe. Kada a sa a injin markaɗe. Injin zai farfasa ƙwallayen ciki, ɗacinsu kuma in ya shiga ruwa babu abin da zai fitar da shi.

Mataki na uku: fito da launi

Matse jan inabi a ɗanye ka gani, ruwan kusan fari zai fito. Launin duk a ɓawo yake, haka ma yawancin ƙanshi da bauri. 'Yan iri kaɗan ne kawai suke da jar tsoka, irin Alicante Bouschet. Masu giya barin ruwa suke yi da ɓawo kwana da kwanaki yana tsimuwa har launin ya fita. Mu da ba ma son tsimuwa, wuta ce hanyarmu.

Zuba murjajjen inabin a tukunya, ɓawo da ƙwallo da ruwansa, ba tare da ƙara ruwa ba. Ɗora a wuta marar ƙarfi kana juyawa don kada ya kama. Idan ma'auni ya nuna digiri 60 zuwa 65, rage wutar ko ka janye itace, ka rufe, ka riƙe shi a nan minti 30 zuwa 45. Za ka ga ɓawon yana kodewa, ruwan yana yin duhu. Kada ka bari ya tafasa. Tafasa tana korar ƙanshin ɗanyen inabi ta bar maka ɗanɗanon dafaffen abu, ta kuma jawo ɗaci daga ƙwallo.

Ba kowane iri ne ke son tsawon lokaci ɗaya ba. Mai kaurin ɓawo nakan ba shi minti 45 cur. Mai ƙanshi minti 20 ya ishe shi, don ba launi nake nema a wurinsa ba. Bayan kowane minti goma ka ɗebi cokali ka ɗanɗana. Da zarar bauri ya fara kama maka dasashi, sauke.

Ƙananan manoma a kudancin Birazil suna amfani da wata tukunya mai hawa uku, ruwa a ƙasa, inabi a sama, tururi ya ratsa shi ruwan ya taru a tsakiya. Tana da sauƙin aiki, sai dai tururin yana ɗan sirka ruwan. In ka samu irinta babu laifi, amma tukunyar gida ta wadatar.

Mataki na huɗu: tata, da yaƙi da tsimuwa

Ɗaure ƙyallen a bakin wata tukunyar, ka juye, ka bar shi ya ɗiga da kansa. Wannan ruwan farko shi ne mai laushi da tsabta. Ajiye shi daban. Sannan ka naɗe ƙyallen ka matse da ƙarfi a wani mazubin. Ruwan matsa ya fi duhu, ya fi kauri, ya fi bauri. Kada ka haɗa su yanzu. Da iri uku kacal, ka ga ka samu ruwa shida da za ka yi wasa da su, ga kuma na tsinkar wuri na bakwai. Rubuta sunan kowanne a jikin mazubinsa.

Daga wannan lokaci agogo ya fara bin ka. Ƙwayoyin yis suna ko'ina: a jikin ɓawo, a ƙyalle, a hannu, a iska. Abincinsu sukari ne, abin da suke fitarwa kuma barasa da iska. Ruwa mai Biriks 18 idan aka sake masa ya tsimu har ƙarshe, ƙarfin barasarsa zai kai wajen kashi 10 cikin 100. A zafin ƙasarmu kuwa kwana ɗaya ya isa a fara ganin alama: ƙananan kumfa suna tasowa, ɗan sauti in ka kara kunne, wari mai tsinin hanci, da yaji-yaji a harshe. Musulmi ya daɗe da sanin wannan iyaka. A Sahihu Muslim, Ibn Abbas ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya ragu bayan nan ba a ajiye shi. Ruwan da ya nuna alamar tsimuwa kada ka ce za ka dafa ka gyara shi. Fitar da shi daga aikin.

Saboda haka a sanyaya da gaggawa. Tsoma mazubin cikin bahon ruwan sanyi, yana hucewa a rufe a sa a firiji awa 24 zuwa 48. Sanyin yana aiki biyu. Yana tsayar da yis, yana kuma sa gugguɓi ya kwanta tare da wasu 'yan duwatsu masu ƙyalli kamar yashi. Gishirin tsamin inabi ne, ba ya cutarwa, amma wanda ya gan shi a ƙasan kwalba zai zaci fasasshen gilashi ne. A tsiyaye ruwan sama a hankali ba tare da girgizawa ba, a sake tacewa da ƙyalle ninki biyu. Ka lura, fitar gishirin nan tana rage tsami kaɗan, shi ya sa ba a yanke hukuncin haɗi sai bayan wannan mataki.

Idan wuta ba ta tsayawa a unguwarku, kula, wato akwatin sanyi, da ƙanƙara za su yi, muddin kana sabunta ƙanƙarar. Mun taɓa asarar lita 8 a dare ɗaya saboda wuta ta ɗauke ba mu farga ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, don mafi kyawun irinmu ne. Wanda ba shi da hanyar sanyi ko kaɗan, ya dafa kowane ruwa ya rufe a kwalba a ranar, kamar yadda zan bayyana a ƙasa, ya bar gugguɓin ya kwanta a cikin kwalbar, daga baya ya buɗe ya haɗa ya sake dafawa. Dafuwa biyu tana rage ƙanshi, amma ta fi asara.

Mataki na biyar: zaman ɗanɗano

Nan ne zuciyar aikin, kada a yi shi a tsaye ko a gurguje.

Lokacin da ya fi shi ne hantsi, ba a ƙoshe ba, ba kuma cikin yunwa ba. Wanda ya ci yaji, ko goro, ko ya goge baki da man goge haƙori yanzun nan, ya jira awa guda. A kashe turaren wuta, mai turare a jiki ya ja baya. A tanadi ruwan sha da burodi marar sukari don share baki tsakanin kofi da kofi. A shimfiɗa farar takarda a kan tire ko tabarma inda haske yake.

Kada ka ɗanɗana kai kaɗai. Wanda ya sha wahalar garka yana son kowane ɗigo, ba zai yi adalci ba. Mutum uku zuwa biyar sun isa, kuma a samu bambancin shekaru. A gidanmu Baba ne mai kama bauri tun kafin kowa ya ji, Inna ba ta yafe wa ruwa salam, ƙanwata kuwa hancinta ya fi na kowa. Yara za su zaɓi mafi zaƙi kullum, a saurare su amma kada a bar musu hukunci. Sharaɗi ɗaya nake kafawa: kowa ya yi shiru har sai duk an kurɓa. Idan babba ya riga ya ce wannan ya fi, babu ƙaramin da zai musa masa.

A fara da kowane ruwa shi kaɗai, daga mai haske zuwa mai duhu. Karkata kofin a kan farar takarda ka duba: ja ne mai haske, ko shuɗi-shuɗi mai duhu, ko ya fara komawa ruwan ƙasa? Ruwan ƙasa alama ce ta wuta ta yi yawa ko iska ta daɗe tana dukansa. Juya kofin kaɗan ka sunsuna. Sannan ka kurɓi kaɗan, ka riƙe a baki, ka zagaya da shi ko'ina kafin ka haɗiye. Abu huɗu kake nema. Zaƙi shi ne mai fara sallama. Tsami yana biyo baya, za ka gane shi da yawun da ke tsinkewa a gefen harshe. Bauri ba ɗanɗano ba ne sosai, ji ne, wannan bushewar da ɗanyar kanya ko goro ke bari a dasashi. Na huɗu shi ne abin da ya saura bayan ka haɗiye: ƙidaya a ranka, ƙanshin ya kai daƙiƙa nawa kafin ya ɓace? Ruwa mai kyau yana raka ka. Rubuta abin da kowa ya faɗa da kalmominsa, ko da "wannan kamar tsamiya" ne ko "wannan ba shi da nauyi".

Yanzu sai gwaji. Kowane gwaji ya zama mililita 100, don kowace mililita ta tsaya a matsayin kashi ɗaya cikin ɗari. Ja da sirinji, kada ka kintata da ido. Ga inda nakan fara: 70 na uwar haɗi, 20 na mai launi, 10 na mai ƙanshi. Kofi na biyu 60, 30, 10. Na uku 70, 25, 5. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san abin da ya kawo gyara ba. Rubuta lamba a ƙasan kofi, wani ya jujjuya su, don kada masu sha su san wanne ne wanne.

Idan haɗin ya yi zaƙi har yana gundura, ba ruwa yake buƙata ba, tsami yake nema: ƙara 5 na ruwan tsinkar wuri. Idan ya yi tsararo, ba ya cika baki, ƙara ruwan matsa kaɗan-kaɗan, 3 ko 5, har ka ji ya yi jiki. Idan bauri ya yi yawa, rage ruwan matsa ka mayar da ruwan farko. Idan ƙanshin Muskat ya rufe komai har ya zama kamar turare, rage shi rabi. Mai ma'aunin zaƙi yana iya lissafa inda zai sauka tun kafin ya zuba: 60 na mai Biriks 19, da 30 na mai 15, da 10 na mai 17, za su ba shi 17.6.

Harshe yana gajiya da sukari da wuri. Kofi biyar ko shida a zama ɗaya, sai a tashi a huta. Idan an rage saura biyu an kasa rabuwa, ga gwajin da masana ɗanɗano ke yi: kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce kowa ya nuna baren. Mai kintace ma yakan dace sau ɗaya cikin uku, don haka idan yawancin mutanenka ba su gano shi ba, bambancin bai kai a damu ba. Sai ka ɗauki wanda kayansa suka fi yawa a hannunka.

Za a ba ka shawarar ka zuba zoɓo don launi, ko lemon tsami, ko sukari. Zoɓo yana ba da ja mai kyau da tsami, kuma haɗin yana da daɗi, ban musa ba. Amma ya tashi daga ruwan inabi zalla, in za ka ba wani ko ka sayar, faɗa masa abin da ke ciki. Lemon tsami ƙanshinsa yana hawa kan na inabi. Ruwan ɗanyen inabi ya fi shi dacewa, mutanen Iran da Sham sun daɗe suna matse shi don girki. Sukari kuwa ni ba na sawa. Idan ruwa ya nemi sukari, tsinka aka yi da wuri, gyaran na baɗi ne a garka.

Kafin ka amince da wanda ya yi nasara, yi masa gwaji biyu. Ɗanɗana shi da sanyi da kuma ba sanyi, don sanyi yana ɓoye zaƙi da ƙanshi ya fito da tsami. Sannan ka dumama rabin kofi kamar yadda za ka yi wa babban, ka bar shi ya huce, ya kwana a firiji, ka sake sha da safe. Abin da mutane za su sha ke nan, ba ɗanyen haɗin ba.

Mataki na shida: babban haɗi da rufewa

Lissafin mai sauƙi ne. Haɗin 70, 20, 10 a lita 20 shi ne lita 14, da 4, da 2. Amma duba abin da ke hannunka tukuna: idan mai launi lita 3 kawai gare ka, iyakar haɗinka lita 15. Kada ka ja shi ya kai 20 don ƙyashin barin saura, za ka rushe abin da kuka yini kuna nema.

Hanyar tsare shi ta samo asali daga Luwi Fasto na Faransa, wanda ya nuna a shekarun 1860 cewa dumamawa tana kashe ƙwayoyin da ke ɓata abin sha. A 1869 wani likitan haƙori a garin Vineland na jihar New Jersey a Amurka, Thomas Welch, ya yi amfani da wannan hanya ya rufe ruwan inabin Concord a kwalba ba tare da ya tsimu ba, don cocinsu ta samu abin sha marar barasa. Abin da za ka yi a madafarka bai bambanta da nasa ba.

Wanke kwalabe, ka tafasa su minti 10, ka bar su cikin ruwan zafin har lokacin zubawa, don kwalba mai sanyi tana fashewa in ruwan zafi ya shige ta. Robar ruwa ko ta lemo ba ta wannan aiki. Dumama haɗin ya kai digiri 85 zuwa 90, ka kwashe kumfar sama, ka zuba da zafinsa, ka bar ɗan sarari a wuya, ka goge baki ka rufe da sabon murfi. Shimfiɗa ƙyalle a gindin babbar tukunya, jera kwalaben, zuba ruwan zafi ya shanye kansu da kamar yatsa biyu. Daga lokacin da ruwan ya tafasa ka ƙirga minti 10 ga kwalbar da ba ta wuce lita 1 ba. A bakin teku minti 5 ake ba shi, amma garuruwa irin Kano da Zariya da Jos suna kan tudu, ruwa yana tafasa kafin ya kai digiri 100, shi ya sa ake ninkawa. Ciro su ka jera a kan katako ko ƙyalle, ba a kan siminti mai sanyi ba, ka bar su su huce da kansu.

Manna takarda a kowace kwalba da kwanan wata da kason haɗi. Ajiye a wuri mafi sanyi da duhu a gidan, don haske da zafi suna mayar da jan launi ruwan ƙasa. Makonni biyun farko ka riƙa leƙawa. Murfin da ya kumbura, ko kumfa a wuya, ko huci lokacin buɗewa, duk alamar yis ya tsira ne, kuma irin wannan kwalba tana iya fashewa, a fitar da ita a zubar. Wadda aka buɗe ta shiga firiji a shanye cikin kwana uku. Mai niyyar kai wa kanti a Nijeriya sai ya nemi rajistar NAFDAC tukuna.

Ruwan da ya ragu bai shiga haɗi ba, a zuba a tukunya mai faɗi a dafa a hankali har kashi biyu cikin uku ya ƙone, ya yi kauri kamar zuma. Shi ne abin da Sayyidina Umar ya amince wa mutanen Sham su sha, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma har yau Turkawa suna yin irinsa suna kiransa pekmez. Yana shiga kunu da fura, ana shafa shi a burodi. Tuƙar ɓawo da ƙwallo ta tafi ramin taki ta koma gindin kuranga, amma a kawar da ita daga inda kare zai kai, don inabi yana lalata ƙodar kare.

A littafinka ka rubuta ranar tsinkar kowane iri, Biriks ɗinsa, mintocin da ya yi a wuta, duk gwajin da aka yi har da waɗanda aka ƙi, da abin da kowa ya ce. Baɗi inabin ba zai zo daidai da na bana ba, kason zai motsa, amma za ka san daga inda za ka fara. Ka kuma ɓoye kwalba biyu daga haɗin bana a can ƙuryar ɗaki, kada a taɓa su ko baƙo ya zo. Ranar zaman ɗanɗano na baɗi, su za a fara buɗewa a jera kusa da sababbin kofuna.